Yadda muke duba bakin yara a ƙauyukan Damagaram

Ranar da za mu fita duba bakin yara, aikin yakan fara tun da daddare, a gaban tukunyar turara kaya. Madubin baki, ɗan ƙarfen taɓa haƙori, hantsaki da cokulan kankare ruɓa, duk sai an wanke su da sabulu da burushi, a ɗauraye, sannan a jera su a tukunya mai murfin matsi. Idan tururi ya fara fita da ƙarfi, daga nan ake fara ƙirga lokaci: minti 30, zafi yana kan digiri 121. Kuskuren da sababbin ma'aikata suka fi yi shi ne fara ƙirga daga lokacin da aka ɗora tukunyar a wuta. Na biyu shi ne barin ƙarafa su kwana cikin ruwan jabel, da safe a tarar tsatsa ta ci bakin cokulan, ba sa kankare komai. Sauran abin da ke shiga akwati ba shi da yawa: safar hannu, auduga, bandeji, man basilin, fitilar goshi da batur na canji, ƙananan katakon danne harshe, igiyar auna damtse, ma'aunin nauyi, da littafin rajista.

Babu kujerar likitan haƙori, babu injin haƙa, babu lantarki. Mutum zai iya cewa wannan aikin dole ne kawai, na waɗanda ba su da yadda za su yi. Mu ba haka muke ganinsa ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Nuwamba na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, kuma uku cikin huɗu daga cikinsu suna zaune a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin samu. A nahiyarmu, wajen mutum 44 cikin 100 ne abin ya shafa. Babu ƙasar da za ta iya kai wannan jama'a duka kan kujerar likita, balle Nijar, inda 'yan likitocin haƙorin da ake da su suka taru a Yamai da manyan garuruwa. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Yaron da ke wani ƙauye bayan Tanut ko Gure, idan ba a duba bakinsa a ƙaramar cibiyar lafiya ta kusa da shi ba, to ba za a duba shi ko'ina ba.

Ba ma sauka a gari sai an sanar da maigari da liman kwana biyu kafin zuwanmu, kuma ba ma zuwa ranar kasuwa. Idan mun isa, gaisuwa ce farko: “Ranka ya daɗe, mun zo duba bakin yara ne, ba allura ba, ba kuma cire haƙori ba.” Wannan jimlar ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin da zarar an ji “likitan haƙori” abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne fincike haƙori. Akwai kuma kalmar da muke kaffa-kaffa da ita. Cutar da muka fi nema sunanta a littattafan likita “noma”, kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa, amma a kunnen Bahaushe noma aikin gona ne. Don haka mukan fara da sunayen da aka sani, ciwon iska ko ciwon daji na baki, mu ce ciwon da ke farawa a dasashi ya huda kunci. Nan take za ka ga tsofaffin mata sun gyaɗa kai. Sun san shi.

Ana shimfiɗa tabarma a inuwa, a ajiye kujeru biyu masu tsawo ɗaya suna fuskantar juna. Kafin a buɗe bakin kowane yaro sai an auna damtsensa na hagu. Idan igiyar ta nuna ƙasa da milimita 115, wato ja, tamowa ce mai tsanani. Tsakanin 115 da 125, rawaya, tamowa ce matsakaiciya. Sai tambayoyi uku ga uwa ko kaka, domin sau da yawa kaka ce ke kawo ɗan fari: yaushe aka yaye shi, ya yi ƙyanda ko masassara mai tsanani a 'yan watannin nan, kuma yana cin abinci kamar da? Waɗannan amsoshi su ne ke gaya mana irin idon da za mu sa wa dasashinsa.

Zaman dubawa shi ne gwiwa da gwiwa. Uwa ta zauna, ma'aikaci ya zauna, gwiwoyinsu suna haɗe. Ta rungumi yaron yana fuskantarta, ƙafafunsa sun zagaye ƙugunta, sannan ta kwantar da shi a hankali har kansa ya sauka a cinyar ma'aikaci. Ta riƙe hannayensa biyu. Yaron yana ganin fuskar uwarsa, ma'aikaci yana ganin bakin daga sama. Zai yi kuka, kuma mukan ce mata, “Malama, bar shi ya yi, kukan ne ke buɗe mana bakin.” Da yatsa ake ɗaga leɓen sama, a ja na ƙasa, a buɗa kunci dama da hagu da katako, a haska har can bayan turamen haƙora. Duka aikin bai wuce minti biyu ba. Hanci ma yana aiki a nan, domin wari ne ke riga ido isa. Warin bakin da bai ga asuwaki ba daban, warin naman da ya fara mutuwa daban, kuma wanda ya taɓa jin na biyun ba ya sake rikita su.

Abin da muka gani a dasashi muna rubuta shi bisa matakan ciwon noma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Matakin sifili shi ne dasashi ya yi ja, ya ɗan kumbura, yana jini idan an taɓa. Wannan ba noma ba ne tukuna, gargaɗi ne, kuma a wasu ƙauyuka shi ne ya fi yawa a rajistar ranar. Maganinsa a gida yake: a tafasa ruwa, a bari ya huce ya rage ɗumi, a zuba rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya. Yaron da bai iya kurkure baki ba, sai uwa ta naɗe ƙyalle mai tsabta a yatsa, ta tsoma, ta goge dasashin bayan kowane abinci. Mukan sa ta yi a gabanmu, domin yawanci da ta ga jini sai ta janye hannu, alhali wurin da ke jinin shi ne wurin da ke buƙatar gogewar.

Mataki na ɗaya ya riga ya zama ciwo. 'Yan tsinin dasashi da ke tsakanin haƙora sun zaizaye, an ga wani abu fari-fari ko toka-toka a kansu, jini yana fita ba tare da an taɓa ba, yawu yana dalala, yaron ya ƙi abinci saboda zafi, ga warin nan. A wannan mataki ba ma barin yaro ya koma gida hannu rabbana. Ana ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta, amoksisilin tare da metronidazol, na kwana 14, gwargwadon nauyinsa, kuma ma'aikacin lafiya ne ke lissafawa, ba mai tallan magani a tire ba. Ana goge bakin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na kulorheksidin mai ƙarfin 0.2 cikin ɗari, a ba shi bitamin A, a sa shi cikin shirin tamowa idan damtsen ya nuna haka, a yi gwajin masassara. Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Bayan kwana uku ko huɗu warin yakan ragu, yaron ya fara karɓar kunu, sai a ajiye sauran maganin don wata rana. Ko kuma ɗacin metronidazol ya sa ya tofar, uwa ta gaji. Shi ya sa muke haɗa kowace irin wannan uwa da matar sa-kai ta garin, ta leƙa gidan a rana ta uku da ta bakwai, ta ga kwalbar da idonta.

Mataki na biyu shi ne kunci ko leɓe ya kumbura, fatar ta yi sheƙi, ta yi tauri idan an taɓa, ga zazzaɓi. Wannan gaggawa ce. Tsakanin kumburin nan da bayyanar baƙin tabo a tsakiyar kunci, wato mataki na uku da naman ya mutu, kwanaki kaɗan ne. Ba a jira ranar kasuwa a samu mota, ba a jira maigida ya dawo daga ci-rani. Yaron yana buƙatar kwanciya a asibiti, allurar jijiya, ƙarin ruwa, wani lokaci ƙarin jini, da ciyarwa ta bututu idan ba ya iya haɗiya. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta yi a 1998 ta nuna sababbin kamu kusan 140,000 a kowace shekara, kuma idan ba a yi magani ba, tara cikin goma ba sa tsira. Yawancinsu 'yan shekara 2 zuwa 6 ne, wato daga yaye zuwa fitowar haƙoran girma.

A nan ne ake yin magana mafi wuya da iyaye. Da yawa kafin su zo wurinmu sun riga sun yi abin da suka sani: an yi hayaƙi, an shafa garin magani, wani an yi masa tsaga ko an ɗora ƙarfe mai zafi a kan kumburin. Ba ma zagin kowa a kan wannan, domin uwar da aka kunyata ba ta dawowa. Abin da muke faɗa mata shi ne, “Inna, ba laifinki ba ne, ba kuma ya yaɗuwa zuwa ga 'yan uwansa. Yunwa ce da ƙyanda suka karya garkuwar jikinsa, ƙwayoyin cutar da ke bakin kowa suka samu hanya. A ci gaba da addu'a, amma yau za a tafi.” Wanzamai da ungozomomi kuwa mukan zauna da su daban, mu nuna musu hotunan matakin farko. Su ne ake fara kai wa yaro, kuma wanzamin da ya gane warin ya turo yaron da wuri ya fi fitarmu goma amfani.

Mutanen Damagaram suna da abin da yankuna da yawa ba su da shi. Gidauniyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana aiki kan wannan cuta a Nijar tun 1992, kuma cibiyarta tana cikin garin Zinder. A ƙetaren iyaka akwai asibitin yara masu noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Yaron da ya tsira daga mataki na uku yana shiga na huɗu, lokacin da ramin ke warkewa yana tattarewa, sannan na biyar, inda tabon ya zauna. Abin da ake yaƙi da shi a wannan tsakani shi ne ƙullewar muƙamuƙi. Tabon yana jan tsoka har baki ya kasa buɗuwa, don haka ake jera katakon danne harshe tsakanin haƙora, ana ƙara ɗaya-ɗaya, kullum, wata da watanni. Tiyatar gyaran fuska ba a yinta sai ciwon ya lafa sosai, galibi bayan shekara. Duk wannan doguwar wahala tana farawa ne daga dasashin da za a iya ceto shi da gishiri da maganin kwana 14. Sai a ranar 15 ga Disamba 2023 aka sanya noma cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. An daɗe ƙwarai kafin a kai ga haka, kuma dalilin jinkirin a fili yake: ciwo ne na 'ya'yan waɗanda ba a jin muryarsu.

Bayan ƙananan yara sai 'yan makaranta, kuma a nan kogon haƙori ne ke da rinjaye. Abin da muke fara nema shi ne turmin shekara shida. Haƙoran nono guda 20 ne, na girma 32, kuma turmin farko na girma yana fitowa ne a bayan na nono ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka iyaye suna ɗaukarsa na nono, su ce ai zai fita wani ya tsiro. Ba ya sakewa.

Idan ramin bai kai jijiya ba, wato yaron ba ya tashi da ciwo cikin dare, babu ƙurji a dasashi, haƙorin ba ya zafi idan an ƙwanƙwasa, to ana iya cike shi nan a kan benci. Dabarar an fara ta ne a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980, don wuraren da babu lantarki. Yaro ya kwanta rigingine. A tare yawu da naɗin auduga ta gefen kunci da na harshe. A faɗaɗa bakin ramin kaɗan, a kankare ruɓaɓɓen da ya yi laushi da cokali, ana farawa daga gefe, a yi sauƙin hannu a ƙasan ramin don kada a buɗe jijiya. A wanke da jiƙaƙƙiyar auduga, a tsane, a shafa ruwan simintin cike haƙori na daƙiƙa 10 zuwa 15, a sake wankewa a tsane. Sannan a kwaɓa simintin, wanda ake kira gilas ayonoma, gari da ruwa daidai yadda kamfanin ya rubuta, cikin rabin minti, a cusa yana sheƙi, a danne da yatsa mai safa da aka shafa wa basilin. A cire abin da ya yi tudu, a sa yaron ya cije a ga ko ya yi tsawo, a hana shi cin komai na awa guda. Abubuwa uku ke kashe wannan aiki. Yawu ya shiga ramin kafin a cika, simintin ba zai kama ba. A ƙara ruwa don ya yi sauƙin kwaɓi, ya fito da rauni ya farfashe. Sai zafi: a watan Afrilu da Mayu, lokacin da Zinder ke haura digiri 40, simintin yana daskarewa a kan takardar kwaɓi kafin ya isa baki. Don haka muke yin cike-cike da sanyin safiya, kwalaben kuma suna zama a cikin akwatin sanyi.

Ga ƙananan da ba za su kwanta a kankare musu ba, akwai ruwan azurfa mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), mai ƙarfin 38 cikin ɗari, idan an samu shi a akwati, don ba kullum ake samu ba. A shafa basilin a leɓe da dasashi, a tsane haƙorin, a ɗiga ɗigo guda a ɗan mazubi, a shafa a ramin da ƙaramin burushi na kusan minti ɗaya, a goge ragowar. Ɗigo ɗaya yana isar haƙora kusan biyar, a maimaita bayan wata shida. Yana tsayar da ruɓa, amma wurin yana komawa baƙi ƙirin kuma ba ya gogewa, don haka dole a nuna wa uwa hoto ta amince tukuna, musamman idan haƙoran gaba ne. Ba a sa shi a bakin da ke da gyambo. A 2021 aka shigar da wannan ruwa, da simintin, da man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shigar da su jeri abu ne, isowarsu kantin maganin cibiyar ƙauye wani abu ne daban.

Haƙorin da ya riga ya yi ƙurji ba a cike shi, cikewa rufe ƙofa ne a kan mugunya. Takardar turawa ake rubutawa zuwa asibitin da ake cirewa. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa ko ya hau zuwa ido, ko mutum ya kasa haɗiye yawu, wannan tafiyar yau ce, babba ne ko yaro. Manya da suka zo mukan leƙa gefen harshe da cikin kunci, musamman masu tauna taba: gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba sai an kai shi gaba.

Kafin la'asar mukan tara iyaye a yi maganar rigakafi, kuma ba ma cewa kowa ya yar da asuwaki. Asuwaki mai laushin baki, wanda ake yanke kansa ana sabuntawa, yana fitar da datti sosai idan an bi kowane haƙori ciki da waje, ba na gaba kaɗai ba. Abin da ba shi da shi isasshe shi ne fuloraid, kuma ana iya ɗora man a kan asuwakin. A duba jikin bututun a ga lambar yawan fuloraid tsakanin 1000 da 1500, domin akwai man da ke kasuwa wanda ƙamshi kawai ne. Yaro ƙasa da shekara 3 kwatankwacin ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci. A tofar, kada a kurkure. Gawayi da toka da yashi suna sa haƙori haske na ɗan lokaci, amma fatar haƙorin suke ci. Inda muka ga haƙoran yaran gari guda duk sun yi dabbare-dabbare fari da ruwan ƙasa, mukan nemi a auna ruwan rijiyar burtsatsen, saboda fuloraid da ya wuce miligiram 1.5 a lita yana cutarwa. Abin da ya faru da yaran Tibiri ta jihar Maraɗi, waɗanda ruwan famfo ya lanƙwasa musu ƙasusuwa, ya isa darasi.

Sukari kuwa, iyakar da aka shata wa babba ita ce kusan giram 50 a rana, wajen cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Amma yawan maimaitawa ya fi yawan giram ɓarna, domin duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, ƙwayoyin cuta suna fitar da tsami na kusan rabin awa. Yaron da ke zaune gefen masu shayi ana miƙa masa ragowar kofi na ɗaya da na biyu da na uku, sannan ya tsotsi alawa a hanyar makarantar allo, haƙoransa ba sa hutawa.

Aiki na ƙarshe shi ne rajista, kuma shi ne aka fi gajiya a kansa. Kowane yaro na mataki na ɗaya zuwa sama ana rubuta sunan garinsu, unguwa, sunan mahaifi da lambar wayar wani makwabci, a bar kwafi a hannun shugaban cibiyar lafiya. Tun 2006 kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a dokar Nijar, amma kuɗin mota, da abincin mai jinya, da wanda zai tsare sauran yara a gida, babu wanda ya ɗauke wa iyaye su, kuma wani lokaci a je a tarar maganin ya ƙare. Saboda haka ba ma rufe littafi sai mun san wa zai biya motar, wa zai raka uwar, kuma wace rana za a kira a tabbatar sun isa. Sannan a nuna wa ma'aikacin cibiyar zaman gwiwa da gwiwa sau uku, ya yi da hannunsa, don ya riƙa ɗaga leɓen duk yaron da aka kawo awo ko allurar ƙyanda ta wata tara. Ƙarafan da aka yi aiki da su suna komawa Zinder a rufaffen bokiti, daban da masu tsabta.